Tudun Selmer Rustad

Duk wanda ya taɓa shiga shagon shan kofi na garinmu Ulvik ya ga taswirar, don tana nan manne a bango tsakanin kalandar masu sayar da iri da hoton 'yan ƙwallon makarantar da aka rufe tun tuni. Taswirar gwamnati ce ta shekarar 1956, irin mai siraran layukan nan masu ruwan ƙasa da ke nuna tudu da kwari. To mu a wannan gefe na Dakota ta Arewa, layukan ba su da aiki mai yawa. Tsakanin layi da layi tashin ƙafa biyar ne kacal, kuma sai ka yi mil biyu kafin ka tsallaka daga wannan zuwa wancan. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya kamar tabarma. Abin da ke ba taswirar ɗan armashi shi ne kogin Bratten, wanda ke tafe yana lanƙwasa kamar bai san inda za shi ba, sai kuma wani ɗan zobe da bai fi ƙwayar wake girma ba a gwiwar kogin, cikin gonar Rustad. Zobe a irin wannan taswira tudu yake nufi, kuma shi kaɗai ne a duk gundumar.

Mai tudun, Selmer Rustad, dogo ne siriri mara yawan magana. Ya noma alkama da sha'ir shekara arba'in da 'yan kai, daga baya ya koma waken suya da kowa ya koma. Shi ke buɗe coci ran Lahadi, shi ke rubuta yawan ruwan da ya sauka kowace safiya a wani ɗan littafi, kuma idan manoma biyu suka yi musu kan iyaka, wurinsa ake zuwa. "A tambayi Selmer," in ji mutane, shi ke nan magana ta ƙare. Ba ya ƙara gishiri ko a labarin kamun kifi, wanda a nan kowa ya yarda a ƙara. Wannan ne ya sa abin ya fi ci masa rai, don tudun nan babu shi, kuma shi ya ƙirƙire shi da ƙafafunsa.

A watan Agusta na 1954 masu safiyo suka zo aikin taswirar, suka ɗauki Selmer, yana da shekara goma sha tara, ya riƙa riƙe musu sandar awo. Aikin ba wuya. Shugabansu, wani Mista Beecham mai ciwon gwiwa, yakan kafa teburinsa mai ƙafa uku a bakin hanya, ya buɗe lema, ya duƙa kan madubin hangen nesa. Shi kuwa Selmer ya yi ta tafiya da doguwar sanda mai lambobi, ya dasa ta a ƙasa duk inda aka nuna masa, ya tsaya ƙiƙam sai an ɗaga masa tuta. Doka ɗaya ce aka ba shi: gindin sanda a kan ƙasa, ba a kan dutse ba, ba a kan kututture ba.

Ranar da aka iso gonar mahaifinsa, ranar ce ta walimar girbi a coci, kuma Ardis Lindgren, wadda yake so bai taɓa faɗa mata ba, ita ce za ta raba abinci. Selmer ya sa sababbin takalma tun safe don kada ya ɓata lokacin komawa gida. Da la'asar Beecham, yana can nesa da kusan rabin mil, ya yi masa nuni ya shiga gwiwar kogi. An sha ruwa a makon, wurin ya zama taɓo, ga sauro kamar hayaƙi. A nan gefe kuma akwai tsibin karan alkama da injin sussuka ya shekara ashirin yana zubarwa wuri ɗaya, ya ruɓe, shanu sun tattake shi, dogayen ciyayi sun rufe shi ruf. Selmer ya dubi taɓo, ya dubi takalmansa, ya haye tsibi. Sau uku aka ɗaga masa tuta, sau uku yana matsawa 'yan taku a kan bayan tsibin nan, ƙafa shida sama da ƙasar Allah. Daga inda Beecham yake, ciyawa kawai ake gani da kan sanda.

Ya ɗauka abin zai ɓace cikin dubban lambobi. Da taswira ta fito bayan shekara biyu, sai ga zobe. Mahaifinsa, tsoho Knut, wanda fari ya ci shi, ambaliya ta ci shi, bai taɓa samun abin da ya fi na maƙwabci ba, ya sa tabarau ya daɗe yana kallo. "Na sani," ya ce. "Shi ya sa kakanka ya zaɓi wurin don sussuka." Ya sa aka yi wa taswirar gilashi. Selmer ya buɗe baki zai yi magana, ya ga fuskar tsohon, ya mayar ya rufe. Ya ce a ransa sai bayan girbi.

Girbi ya wuce, wani ya zo. Tsibi ya yi ta lotsewa, ragowarsa aka kwashe aka yi taki. Selmer ya bar wurin da ciyawa, ya dasa itatuwa jeri uku kewaye da shi. Ya ce don tare iska ne, ni dai na ce don kunya. Itatuwan suka girma, har wurin ya riƙa yi wa ido kamar ya ɗan tasa idan an hango shi daga hanya. Da bazara kuwa, lokacin da ƙanƙara ke narkewa, ruwa yakan yanke 'yar hanyar da ke zuwa can, don haka ba mai leƙawa sai ƙasa ta bushe. Ya auri Ardis, suka haifi 'ya ɗaya, Lorna. A kan taswirar nan ya koya mata karatun layuka, yana riƙe da ɗan yatsanta. Ran hutu sukan tafi da burodi da tsiran nama su zauna ƙarƙashin itatuwa, ta ce sun hau dutse. Har makaranta ta rubuta labarinsa aka ba ta kyauta. Wane uba ne zai ce wa yarinya 'yar shekara takwas dutsenta ruɓaɓɓen kara ne?

Lorna ta girma ta zama ma'aikaciyar jinya a birni, ta auri Dale, mai gyaran wutar lantarki, mutumin kirki mai yawan yarda da takarda. Kamar sauran 'ya'yan gundumar, ta tafi, ba kuma wanda ya yi zaton za ta dawo. Sai ambaliyar 1997 ta zo. Ruwa ya shiga gidansu na birni har tagogi, ta fito da yara biyu da abin da ke jikinsu. A Ulvik ma gonaki sun zama teku, sai rufin gidaje da rumbunan hatsi ke leƙowa. A cikin kwanakin nan Selmer ya ɗauki kwale-kwale shi kaɗai ya tafi gwiwar kogi. Ya shiga tsakiyar itatuwan ya zura matuƙi, sandar da yake tuƙa kwale-kwalen da ita, a ruwa, matuƙin ya nutse har inda hannunsa yake bai taɓa ƙasa ba. Ya dawo gida ya ce ya je duba shingen waya.

Shekara na zagayowa, a farkon Afrilu, Lorna da Dale suka zo cin abincin rana, ta shimfiɗa kwafin taswirar a kan tebur tsakanin kwanuka.

"Baba, mun yanke shawara. Za mu dawo. Dale zai koyi noma a wurinka, ni kuma asibitin gunduma na nemana." Ta ɗora yatsa a kan zoben. "A nan za mu yi gida. Ba zan sake kwana a inda ruwa zai same ni ba."

Ardis ta fashe da kukan murna. Shi kuwa Selmer murna da tsoro suka taru masa. Shekara ashirin yana roƙon Allah wani ya dawo ya karɓi gonar nan, ga shi an amsa masa, amma a kan ƙaryarsa za a aza harsashin.

Ya shiga kame-kame. Ya ce sauro ya yi yawa a can. Dale ya ce za a sa raga. Ya ce hanya ba kyau. Dale ya ce za a zuba tsakuwa a sa kwalbati. Ya ce jawo wuta zai yi nisa, Dale ya yi dariya ya ce ai sana'arsa ce. Selmer ya ce to a kira mai awo ya duba. "Baba, gwamnati ta riga ta auna," in ji Dale, "kuma kai ne ka riƙe sandar. Wa zan nemo da ya fi ka?" Selmer ya ce haka ne, ya fita duba tarakta wadda ba abin da ya same ta.

A shagon kofi ma bai tsira ba. Clifford Moe, abokinsa tun suna aji ɗaya, mai haƙa magudanan ruwa a gonaki, ya tare shi tun daga ƙofa.

"Ku matsa wa sarkin tsauni kujera. Selmer, an ce za a yi maka fada a can sama. Mu talakawan kwari za a bar mu mu hau, ko sai mun nemi izini?"

"Kai da tsani ma ba ka iya hawa."

"A saya mini igiya da sandar hawan dutse. Na ji an ce iska ba ta isar mutum a can ƙoli."

Aka yi dariya, shi ma ya yi, amma kofin bai shiga ba. Mako uku ya yi a haka, ya rame, ya daina rubuta ruwan sama. An shirya motar siminti za ta zo ran Litinin.

Ran Asabar da safe Ardis na murza lefse, wainar dankalin nan mai faɗi da kakanninmu suka zo da ita, shi kuma yana zaune yana juya cokali a kofi. Ba ta ɗago kai ba ta yi magana.

"Kai za ka faɗa mata, ko ni?"

"Faɗa mata me?"

"Selmer, ranar walimar girbi ka zo ka tsaya gabana da faranti, ka ce mini ka wuni a taɓon gwiwar kogi. Na dubi takalmanka, ko ƙura babu. Na ce a raina wannan ko dai maƙaryaci ne, ko dai yana so na. Da taswira ta fito na gane duka biyun ne."

"Shekara arba'in da huɗu, ba ki taɓa cewa komai ba?"

"Wa ya cutu? Mahaifinka ya mutu da tudunsa, yarinya ta girma da dutsenta. Amma jikokina ba za su kwana a kan takalmanka ba. Sha kofinka ka tashi."

Ya tarar da su a cikin itatuwan. Bazarar bana ba ruwa sosai, saman ƙasa ya bushe, sai can gefe ne laka ke ƙyalli. Dale na buga turaku, Lorna na jan zare tsakaninsu, ta riga ta fitar da inda ɗakin girki zai kalli kogi. Selmer ya sauko daga a-kori-kura ya cire hula, abin da ba ya yi sai a coci. Ya faɗa musu komai tsaye, bai rage ba, har da sauro, har da takalma, har da matuƙin da ya nutse bara.

Dale ya ajiye guduma a hankali. Lorna ta daɗe tana naɗe zare a yatsa har ya yi fari.

"Na yaro ɗan shekara sha tara ban damu da shi ba," ta ce. "Da wani ne ya ba ni labari sai na yi dariya. Amma mako uku, Baba. Ka ga yadda na fito daga gidan nan da yara a kafaɗa. Ka zauna kana yi mini zancen sauro."

"Na ji kunya ne."

"Da ka bar ni na zuba siminti?"

"Ai ga ni na zo."

"Ka zo ran Asabar."

Ta juya ta dubi itatuwan, ta ce wa Dale wataƙila su sake tunani kan garin iyayensa a yamma, inda tudu tudu ne kowa na gani. Selmer bai ji tsoron a yi masa dariya a gari ba, ya ji tsoron ganin ƙurar motarta tana tafiya, ga shi a ƙasar nan sai ka daɗe kana kallon mai tafiya kafin ya ɓace.

"Akwai wuri," ya ce. "Tsohon garken aladu, bayan rumbu. Bara ruwa bai taɓa shi ba, na gani da idona."

"Garken aladu."

"Aladun sun bar shi shekara goma sha biyar."

"Na daina karɓar tudu da baki," ta ce. "A auna. Ni zan duba madubin."

Washegari bayan an tashi daga coci, Selmer ya tsayar da Clifford a bakin matakala, daidai inda masu safiyo suka dasa ɗan faifan tagulla mai ɗauke da tsayin wurin, wanda daga shi ake fara kowane awo a gundumar. Ya nemi aron na'urar awonsa, ya kuma faɗa masa dalili, ba da raɗa ba, a gaban mutum goma sha. Clifford ya buɗe baki, kowa na jiran abin da zai fito, don irin wannan dama ba ta zuwa sau biyu. Sai ya dubi abokinsa.

"To," ya ce. "Ni dama hawan ya ishe ni. Bari in ɗauko na'urar."

Daga coci zuwa gonar Rustad mil ɗaya da rabi ne, kuma ba a tsallake ko taku. Clifford ya nuna wa Lorna yadda ake daidaita ɗan kumfan ruwan da ke nuna na'ura ta zauna daidai, ta kama nan da nan, Dale ya riƙe littafi. Selmer, da shekara sittin da uku, da kayan cocinsa, ya saɓa sanda ya yi gaba. A kafa, a karanta, a rubuta, a matsa. Motoci huɗu suka biyo su a baya sannu a hankali kamar masu rakiyar amarya, wata ta kawo kofi, wani ya yi ta ba da shawarar da ba a nema ba. Lorna ba ta ce wa mahaifinta komai ba sai da hannu: dama, hagu, tsaya.

Wajen ƙarfe uku suka iso garken aladu. Wuri ne mara kyan gani, tsofaffin kwanon rufi da ƙayoyi, ga wani ruɓaɓɓen keken doki. Suka auna shi, suka auna tabon da ruwan bara ya bari a jikin wani rumbu da ke ƙasa da wurin. Dale ya yi lissafi sau biyu, Clifford ya karɓa ya sake. Garken ya ɗara inda ruwa ya tsaya da ƙafa biyu da 'yan inci. Aladu ne suka fi kowa sanin gonar, in ji Clifford, shekara da shekaru suna kwance a ƙoli ba wanda ya gaishe su.

Lorna ta tsaya a tsakiyar ƙayoyin ta juya a hankali. Daga nan ba a ganin kogi. Ana ganin tagar ɗakin girkin mahaifiyarta, da hanya, da coci. Clifford ya fara naɗe ƙafafun na'ura.

"Dakata," in ji Selmer. "Saura awo ɗaya da ban yi ba."

"Baba, ba sai an je ba. Mun sani."

"Ni ne ban yi ba."

Suka ja layin awon har gwiwar kogi. Ya wuce turakun Dale, ya wuce busasshen wuri, ya nufi daidai inda Beecham ya nuna masa tun yana saurayi. Laka ta kama shi a idon sawu, ta kai ƙwauri, ta kai gwiwa, da wandon coci da komai. Ya dasa sanda ya danna ta, ya miƙe ƙiƙam. Lorna ta duƙa kan madubi ta daɗe, har sai da ta ɗago ta share ido da bayan hannu ta sake duƙawa. Ta faɗi lamba, Dale ya rubuta. Ƙafa shida ƙasa da abin da taswira ta ce.

Ta haɗa hannu a baki ta ɗaga murya.

"Baba, a ƙasa ka ɗora ta kuwa?"

Ya ja ƙafa ɗaya da ƙarfi don ya nuna mata, ƙafar ta fito da safa kawai, takalmin ya zauna a ƙasa. Ya tsaya kan ƙafa ɗaya yana tangaɗi, ya rungume sandar. Dariya ta ƙwace wa Lorna, irin wadda ba ta yi ba tun kafin ambaliya, har ta dafa na'ura ta ɓata saitin Clifford.

Ita da kanta ta shiga lakar ta kamo hannunsa. Da suka fito Ardis na jingine da mota, ta dubi ƙafafunsa sama da ƙasa.

"Yau kam na yarda a taɓo ka wuni," ta ce.

Lorna ta tafi ta tumɓuke turken farko, na kusurwar ɗakin girki, ta jefa a bayan a-kori-kura, ta koma ta tumɓuke na biyu.

"Dale, kira mai siminti. Ka ce masa ya ba mu mako guda, kuma in ya zo ya shigo ta bayan rumbu." Ta miƙa wa mahaifinta ƙunshin zaren. "Riƙe wannan, Baba. Gobe da safe kai za ka ja mini layi."